Jan Kati Na Manya Ne

A kamfanin niƙa fulawa da nake aiki akwai wani dattijo, shugaban masu gadi, wanda kowa ke kira Kwamanda. Ba a taɓa ba shi wannan muƙami a rubuce ba. Abin da ya faru shi ne, a zamanin ƙuruciyarsa ya shiga sansanin horar da sojoji, ya yi kwana goma sha ɗaya, aka sallame shi bisa wani dalili da har yau bai bayyana wa kowa ba. Amma idan ya zauna a bencin bakin ƙofa yana ba da labarin kwanakin nan, sai mutum ya rantse shekara talatin ya yi a bakin daga.

A farkon watan da wannan abu ya faru, takarda ta zo masa daga ofis cewa ƙarshen wata zai yi ritaya. Ritaya kuwa tana nufin ya tashi daga ɗakuna biyu na kamfani da ke bayan ƙofa, inda ya shekara ashirin da biyu tare da matarsa da 'ya'yansa mata uku, kuma ba shi da inda zai kai su. Ya ninke takardar ya cusa cikin hula don kada kowa ya sani. Kafin azahar kowa ya sani.

Ana cikin haka sai hukumar agajin gaggawa ta aiko da umarni ga duk wurin da ke tara jama'a, cewa a horar da ma'aikata yadda za su ceci juna idan 'yan ta'adda suka kawo hari ko bam ya tashi, kafin motocin asibiti su iso. Manaja ya tara mu ya ce bayan horon za a yi atisaye a gaban manyan hukumar, kuma duk wanda ya nuna ƙwarewa shi za a naɗa jami'in agaji na kamfani. Ya ƙara da cewa jami'in agaji shi zai zauna a ɗakunan bayan ƙofa, domin a same shi da wuri.

Kwamanda ya miƙe ya buga ƙafa ya sara. "Ranka ya daɗe, a daina wahalar neman mutum. Aikin nan da ni aka auna shi. Mu a soja, kafin bam ya gama ƙara mun kwashe mutane."

Daga bayan taro wata murya ta ce, "A kwana na nawa aka koya muku wannan, na goma ko na sha ɗaya?"

Gwaggo ce, dattijuwar da ke kan injin ɗinke bakin buhu. Ita da Kwamanda sun shekara ashirin ba sa wuce juna sai wani ya yar wa wani magana.

Mai horon da aka aiko wata ma'aikaciyar jinya ce, gajera, marar yawan magana, muna kiranta Sista. Kwana uku ta yi tana koya mana a babban zauren cika buhu. Ta nuna yadda ake danne rauni da ƙarfi har jini ya tsaya, da yadda ake ɗaurewa, da yadda mutum huɗu ke ɗaga gadon ɗaukar majinyaci. Sannan ta fito da kati kala huɗu masu igiya. Ja na wanda zai mutu idan aka yi jinkiri, rawaya na wanda zai iya jira, kore na mai iya tafiya da ƙafarsa, baƙi kuwa na wanda rai ya riga ya yi halinsa.

"Na taɓa tsayawa a wurin da abin ya faru da gaske," in ji ta. "Wanda ya fi ihu ba shi ya fi kusa da mutuwa ba. Ku nemi wanda ya yi shiru. Kuma ranar nan babu babba babu ƙarami, rauni kawai ake dubawa."

Kowa ya kasa kunne. Kwamanda ne kaɗai bai ji ba, domin a lokacin yana nuna wa na kusa da shi yadda ake rarrafe a ƙarƙashin waya.

Tsarin atisayen shi ne, mutum talatin za su kwanta a zauren a matsayin waɗanda hari ya rutsa da su. Da safe Sista za ta manna wa kowa takarda a ƙirji mai bayanin rauninsa. Masu ceto su karanta, su rataya katin da ya dace, su kai masu jan kati rumfar da za a kafa kusa da ƙofar kamfani cikin minti goma. Manaja ya ce shi ma zai kwanta, don ya zama abin koyi. Da yake babu wanda ya kai Kwamanda ɗaga murya, shi aka bar wa jagorancin masu ceto, da masu gadinsa biyar.

Ana gobe atisaye, lokacin hutun rana, ya kira yaransa ɗakin gadi ya rufe ƙofa.

"Minti goma na farar hula ne," ya ce. "Ni minti uku zan yi. Ina lokaci ke tafiya? Wajen karatun takarda. To, mu ba za mu karanta ba. Yau za mu raba kati, gobe kowa ya kwanta da nasa a aljihu."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kwamanda, ai ba mu san raunin kowa ba tukuna."

"Amma mun san matsayin kowa. Kai yanzu a tarbiyyar da aka yi maka, za ka tsallake Manaja yana kwance a ƙasa ka ɗauki lebura? Jan kati na manya ne."

Haka aka yi. Ja shida suka tafi ga Manaja da mataimakinsa da mai kula da sito da shugabannin sassa uku. Rawaya ga matsakaita, kore ga sauranmu. Baƙin kati ne ya kawo rigima. Leburan farko da aka miƙa wa ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Haba Kwamanda, matata wata tara gare ta. Wallahi ba zan rataya wannan ba."

"Wasa ne, kai!"

"To ka rataya mana, tunda wasa ne."

Da ƙyar aka tilasta wa leburori biyu, waɗanda dama Kwamanda ke da jiƙaƙƙiya da su saboda suna shigowa ba su gaishe shi ba. Na uku ya kai wa Gwaggo da hannunsa yana murmushi.

Ta karɓa ta juya shi. "Madalla. Gara in mutu tun da wuri da in faɗa hannunka da sauran numfashina."

Daga nan ya nufi wurin Bakanike, mai kula da injunan kamfani. A zauren akwai dogon bel da ke jan buhunan fulawa, ya ratsa ta ƙarƙashin injuna, ya fita ta wata taga a bango, ya zuba su cikin babbar mota a waje. Kwamanda ya daɗe yana kallon bel ɗin nan.

"Gadon ɗauka biyu kacal aka ba mu, ga gado mai tafiya da kansa. Gobe a kan wannan zan fitar da marasa lafiya."

Bakanike ya ajiye sifana. "Kwamanda, bel bai san mutum ba, buhu ya sani. Akwai injin ɗinki a tsakiya."

"Cire shi."

"To, na cire. Akwai kuma..."

"Soja ba ya sauraron akwai kuma. Da ka ji usur, kunna."

Direban babbar motar kuwa, wani tsoho mai nauyin kunne, abin da aka gaya masa kawai shi ne ya tsaya a inda ya saba, ya shimfiɗa buhunan da babu komai a ciki. Da ya tambayi inda zai kai kayan, Kwamanda ya ce sirrin aiki ne, zai ji umarni idan lokaci ya yi.

Gari ya waye. Aka kafa rumfa kusa da ƙofa, manyan hukuma suka zauna a kujeru, aka wangale ƙofar kamfani saboda motocin baƙi. Masu shaguna na kan titi da masu wucewa suka yi cincirindo suna leƙe. Matar Kwamanda da 'ya'yanta suka tsaya a bakin ɗakinsu. Shi kuwa ya fito cikin falmaran mai ƙyalli, da hular kwano da ta yi masa yawa, usur a baki, lasifikar hannu a kafaɗa.

Sista ta bi ta manna takardu. Ta Manaja ta ce ƙwarzane a yatsa, yana iya tafiya. Ta wani lebura da ke kwance a bakin zaure ta ce jini na zuba daga cinya, ba ya magana. Jiniya ta yi kuka, Sista ta danna agogo.

Masu gadi biyar suka kwaso a guje, suka tsallake leburan nan ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma ya ce masa gafara. Suka durƙusa a gaban Manaja.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? An tashi lafiya? Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Manaja, wanda aka riga aka sa wa matashi a ƙarƙashin kai.

Sista ta iso da littafinta, ta dubi Kwamanda. "Baba, me takardarsa ta ce?"

"Yatsa ta ce, Sista. Amma yatsan Manaja ne."

Sista ta rubuta a littafinta. Ta riga ta gaya mana cewa idan atisaye ya fara ba za ta gyara wa kowa ba.

Akwatin bandeji guda aka ba su. Suka fara da yatsan, suka ga bai nuna girmamawa ba, suka haɗa da hannun, suka wuce kafaɗa, suka naɗe ciki. Abin da ya rage suka raba wa sauran manya biyar gwargwadon muƙami. Kafin minti guda akwatin ya koma fanko. Suka cicciɓi Manaja suka shimfiɗa shi rigingine a kan bel.

Manaja ya ɗaga kai da ƙyar. "Kwamanda, ka tabbata da wannan abu?"

"Ranka ya daɗe, jiya na gwada da buhu arba'in. Ko ɗaya bai yi ƙorafi ba."

Ya busa usur, Bakanike ya rufe ido ya kunna.

Da farko tafiyar ta yi kyau ƙwarai, har Manaja ya ɗan yi murmushi. Amma da bel ya motsa sai mazurarin da ke sama ya girgiza, ragowar fulawar jiya ta zubo masa daga kai har ƙafa. Yana cikin tari ya isa wurin abin da Bakanike ya so ya faɗa aka hana shi, wato injin buga hatimi. Injin nan duk abin da ya wuce ƙarƙashinsa sai ya sauko ya buga masa tambari. Sai muka ji tim! A kan farin bandejin cikin Manaja baƙin rubutu ya fito raɗau: ranar da aka yi shi, ranar da zai lalace, da kilo hamsin.

"Tsayar! Tsayar!" in ji Manaja, amma taga ta riga ta haɗiye shi.

"Kada a tsayar!" in ji Kwamanda ta lasifika. "Mara lafiya ba ya ba da umarni. Na gaba!"

Mataimaki ya bi, tim! Shugabannin sassa suka bi. Da aka zo kan mai sito, wanda sai da dukkan su biyar suka haɗu har da nishi kafin suka ɗora shi, injin ya buga masa kilo hamsin shi ma.

Gwaggo, tana kwance da baƙin kati a wuya, ta ce, "Yau dai an yi wa mai sito rangwame."

"Gawa, yi mana shiru!"

"Gawar ma ta ga abin da ya fi ƙarfinta."

Duk waɗanda ke kwance, masu karaya da masu suma, suka bushe da dariya har wasu na birgima.

A waje kuwa manya shida sun zube cikin motar, wani kan wani, Manaja a ƙasa, mai sito a sama. Hannuwan Manaja a naɗe suke, don haka ya sa ƙafa ya harbi jikin motar sau biyu yana neman ɗauki. Shekara ashirin direban nan yana aiki da ƙa'ida guda: idan an bugi jikin mota sau biyu, lodi ya cika, sai babban sito da ke can ƙarshen gari. Ya ce a ransa ga umarnin ya zo. Ya ta da mota.

Da ta tunkaro rumfa, shugaban hukuma ya miƙe ya fara tafi, yana zaton za ta tsaya. Ta wuce shi, ta wuce rumfar, ta fice ta ƙofar da babu mai gadi ko ɗaya, ƙafar mai sito tana reto ta baya.

A cikin zaure Kwamanda ya duba agogonsa ya ɗaga lasifika. "Minti biyu da daƙiƙa hamsin! A rubuta!"

Sista ta leƙa ta taga. "Baba, ina marasa lafiyarka?"

Ya leƙa shi ma. Ƙura kawai ya gani. Sista ta fita da gudu ta babbar ƙofar zaure don ta sa a bi motar. Shi kuwa ya ga zagayen zai ci lokaci, sai ya yi tsalle ya haye bel. Ya kauce wa hatimi da dabara, wannan kam na shaida masa. Abin da ya manta shi ne, yanzu babu mota a ƙarshen bel ɗin. Ya fita ta taga ya faɗi ƙasa tim, ƙaurinsa ya daki bakin wani ƙarfe ya tsage. Jini ya ɓalle, na gaske.

Ihun da ya yi ya sa 'yan kallo suka kwararo cikin kamfani. Yaransa suka iso suka kewaye shi.

"Sannu Kwamanda. Ya jikin?"

"Wane irin ya jiki! Ku ɗaure ni! Bandeji!"

"Bandeji ya tafi da Manaja."

"To ku ɗauke ni! Jan kati! Ni ja ne!"

Suka dubi juna. Babbansu ya cire hula cikin ladabi. "Ka yi haƙuri Kwamanda, ja shida ne, duk suna cikin mota. Kuma bisa tsarin da ka ba mu, shugaban gadi yana ƙasa da mai sito. Kai rawaya ne. Sai ka ɗan jira."

"Zan mutu!"

"Allah ya kiyaye. Baƙin ma an rabar."

Sai ga Gwaggo ta ratso taron, baƙin kati na lilo a wuyanta, sabon buhu a hannunta. Wata mata daga cikin 'yan kallo ta yi salati ta ja da baya. Gwaggo ta yage buhun da haƙori, ta dunƙule ƙyallen ta danna kan raunin da dukkan nauyinta.

"Wayyo! Kashe ni za ki yi!"

"Da na so, da na bar ka da yaranka. Kai, riƙe nan, danna sosai, kada ka ɗaga don ka leƙa. Ku biyun can, kawo gado."

Leburorin nan biyu masu baƙin kati suka kawo gadon a guje. Da Kwamanda ya ga gado, ya ga masu ɗauke da shi, sai ya fara shure-shure. "Ba zan hau makara ba! Matattu ba za su ɗauke ni ba!"

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo, tana ƙulle ɗaurin. Lokacin da Sista ta dawo jini ya tsaya. Ta tsuguna ta duba ɗaurin, ta taɓa yatsun ƙafar, ta dubi Gwaggo, sannan ta yi rubutu mai ɗan tsawo.

Bayan rabin awa aka bugo waya daga babban sito, ana tambaya ko a sauke kayan da aka aiko, domin guda shida ne kacal kuma suna zagi. Da motar ta dawo aka sauko da su a gaban kowa, fari fat, kowa da tambarinsa a ciki. Wani mai shago ya matso ya karanta na Manaja da ƙarfi, ya sanar da jama'a cewa saura wata shida.

Shugaban hukuma ya ce kamfani ya faɗi, za a sake atisaye bayan wata guda. Manaja ya tsaya a tsakiyar fili, fulawa na zuba daga girarsa duk sanda ya ƙifta ido.

"Gwaggo, daga yau ke ce jami'ar agaji. Kai kuma," ya nuna gadon da Kwamanda ke kwance, "ƙarshen wata ina son makullin ɗakunan nan a kan teburina."

Matar Kwamanda ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙaramar 'yarsa ta fara kuka. Kwamanda ya kawar da kai gefe.

Gwaggo ta goge hannunta a zane. "Ranka ya daɗe, na karɓa, amma ɗaki ba na so. Gidan ɗana yana tsallaken titi, ko tari aka yi a nan ina ji. Abin da nake so dabam ne. Wata guda gare ni in koya wa waɗannan mutane aiki, kuma bayan haka kowane mako sai an maimaita. Ina bukatar wanda za a riƙa gwaji a kansa. Mai nauyi, mai ihu, mai gardama, wanda ba ya jin magana, yana shure mai taimakonsa. Idan suka iya da shi, sun iya da kowa. Kuma ya zama yana kusa, duk sanda na neme shi."

Manaja ya haɗe rai, ya nuna Kwamanda. "Wannan mutumin? Bayan abin da ya yi mini?"

"Yallaɓai, gaskiya ta faɗa," in ji Sista. "Shekarata goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin mara lafiya mai wahalar sha'ani kamarsa ba. Irinsa ba a samu."

Manaja ya dubi cikinsa, ya dubi 'ya'yan Kwamanda da ke bakin ɗaki, ya yi tsaki. "Ya zauna a ɗakunan shekara ɗaya. Kuma idan na ƙara ganinsa kusa da bel, ni da kaina zan kunna."

Aka ɗaga gadon aka nufi motar asibitin da hukuma ta zo da ita don a yi masa ɗinki. Matarsa tana biye, tana share hawaye, riƙe da takalminsa ɗaya. Da suka zo daidai taron 'yan kallo, Kwamanda ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago, ya gyara hular kwano, ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Kin dai ji da kunnenki. Shekara goma sha biyar, ba ta taɓa ganin kamata ba."

"Na ji, Malam," in ji matarsa. "Kwanta."